Ranar da Gualter Mai Hange Ya Yi Ƙarya

Ƙarfe uku saura kwata na rana tsoron ya shige ta, kuma har yau bai fita ba. Noémia tana tsaye a goshin jirgin ruwan Telmo, hannunta ɗaya a kan igiya, baƙi goma sha biyu na zaune a bayanta, sai muryar mahaifinta ta fito daga oba-oba a natse kamar kullum. Ya ce ya hango shuɗiyar baleya, ƙatuwar dabbar teku, mil goma sha biyu kudu da tsibiri, tana tafiya a hankali.

Ta juya ta dubi Telmo. Shi kuwa dutse yake kallo. Tun tsakar rana gajimare ya sauko ya zauna a kan ƙoƙuwar dutsen Pico kamar an kifa masa hula, kuma duk wanda aka haifa a nan ya san ma'anar wannan hular: kafin yamma iska za ta juyo, teku ya ɓaci. Babu mai hangen da zai tura jirgi mil goma sha biyu alhali dutse na sanye da hula. Nan take ta gane cewa mahaifinta, wanda bai taɓa ƙara ko taƙi ɗaya a kan abin da idonsa ya gani ba, ƙarya yake yi, kuma a kunnen duk wanda ke kan teku a ranar.

Mahaifin nata, Gualter Brum, shekararsa sittin da bakwai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa kullum a ɗan runtse, har baƙi kan ɗauka barci yake ji. Wurin aikinsa wani ɗan farin ɗaki ne na siminti a bakin gaɓa mai tsawo, tagarsa siririya kamar bakin asusu. Mahaifinsa Serafim ne ya fara zama a cikinsa, a zamanin da garinmu ke cin abinci da farautar baleya, dabbar nan da ta fi giwa biyar nauyi, mai shaƙar iska kamar mu, mai shayar da ɗanta nono a tsakiyar teku. Idan Serafim ya hango feshin numfashinta sai ya harba roka sama. Manomi ya yar da fartanya, wanzami ya bar mutum da rabin gemu, kowa ya ruga tashar jiragen ruwa. Gualter yana da shekara goma sha bakwai ya fara tuƙa kwalekwalen farauta. Ba ya alfahari da wannan zamani, ba ya kuma jin kunyarsa. Idan baƙo ya matsa masa da tambaya sai ya ce da man baleya aka saya masa takalminsa na farko, shi ke nan.

Da farautar ta mutu ya tafi Kanada aikin gini, kamar rabin samarin tsibirin. Shekara shida ya yi ya dawo, ya ce wa matarsa Idalina ba zai iya zaman ƙasar da ido ba ya tafiya nesa ba. Bayan wani lokaci masu jirage na gari suka haɗa ƙungiya don kai baƙi kallon baleya, suka zo har gida neman sa. Ya yi ta dariya har ya riƙe ciki. Wai mutum ya biya kuɗi, ya sha jiri da amai, ya kalli dabba, sannan ya bar ta a inda ya same ta. Washegari da sassafe Idalina ta tarar ya ciro tabaron hangen nesa na mahaifinsa daga ƙarƙashin gado yana goge shi da gefen rigarsa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarfe bakwai na safe yana cikin ɗakin da butar kofi da burodin masara da yankin cuku, ido a manne da tabaro. Daga yanayin feshi kawai yake sanin irin dabbar. Mai ƙaton kai, wadda ke zaune a ruwanmu duk shekara, feshinta gajere ne mai karkata hagu. Shuɗiya, wadda ke wucewa da bazara kuma kowane baƙo ke mafarkin gani, nata miƙewa yake sama ɗoɗar. Amma nemo baleya rabin aikin ne. Daga can sama yana ganin kowane jirgi, don haka shi ne alƙalin teku ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Jirgi uku kawai a kusa da dabba. Kada a wuce mita hamsin, in akwai jariri mita ɗari. Ta bayan dabba ake zuwa, a rage inji. Rabin awa, a ba wani wuri.

"Telmo, lokacinka ya cika," yakan ce. "Bar baiwar Allah ta huta, ba matarka ba ce da za ka yi ta bin ta da surutu."

Telmo Goulart, wanda tare suka yi makaranta, yakan amsa da cewa aƙalla shi yana da abin bi, ba kamar tsohon da ya auri taga ba. Amma yana faɗa yana juya jirgi. Da wannan tsari dabbobin suka saba da mu, suka ci gaba da haihuwa a ruwanmu, baƙi suka ci gaba da zuwa. Gidan abinci uku ke buɗe a bakin tasha saboda haka, makarantar gari ba a rufe ta ba saboda haka, kuma da haka Noémia ta je jami'a ta karanci ilimin halittun teku, ta dawo bara ta kama aikin yi wa baƙi bayani a jirgin Telmo.

Shekara biyu da suka wuce wani Valdemar Pestana ya zo daga babbar ƙasa, can ƙetaren teku, da jirage biyu jajaye masu injuna kamar na tsere. Ya kafa allo a bakin tasha: ka ga baleya kusa da kusa, ko a mayar maka da kuɗinka. Bai ɗauki mai hange ba. Me zai sa ya ɗauka? Layin oba-oba a buɗe yake, duk mai na'ura yana ji. Gualter na cewa ga dabba a wuri kaza, kafin jiragen ƙungiya su isa jajayen sun riga su, sun tsaya a gaban hancinta. A taron masu jirage Valdemar ya dafa ƙirji ya rantse cewa matuƙansa ba sa sauraren layin kowa, sa'a ce kawai. Daga ranar Gualter ya ƙara gaisuwa a cikin aikinsa. Kowace safiya sai ya ce barka da kwana ga jiragen ƙungiya, barka da kwana kuma ga masu sa'a.

Mutane suna dariya, Noémia ba ta yi. Ta ga uwa ta nutse a firgice kafin ta gama numfashi. Ta ga garke guda ya bar bakin gaɓarmu sati biyu. Rahoto bakwai ta rubuta wa ofishin tasha, da hotuna, da rana, da sa'a, da lambar jirgi. Sau bakwai aka amsa mata da layi ɗaya, cewa ana duba lamarin. Mahaifinta ya ce ta ci gaba da rubutawa, takarda ba ta ruɓewa. Ta ce masa baleya kuwa tana gudu.

Ranar da abin ya faru, farkon watan Yuni, wata mai ƙaton kai da suke kira Mai Giɓi, saboda yankan da ke gefen wutsiyarta, ta haihu mil huɗu daga gaɓa. Gualter ya gani tun safe, jini a ruwa, wasu baleya mata biyar sun kewaye ta. Bai faɗa a oba-oba ba. Wayar hannu ya buga wa Telmo, ya ce ya je da rana, ya tsaya nesa sosai, ya kashe inji. Haka aka yi. Noémia ta ga jaririn da idonta, fatarsa duk tamoji, wutsiyarsa har yanzu laushi gare ta, manyan suna tura shi sama da kawunansu don ya shaƙi iska. Wata tsohuwa a cikin baƙin tana hawaye.

Jajayen jirage ba su ji komai a layi ba, sai suka bi Telmo da ido. Na farko wani ɗan tsibiri ne ke tuƙa shi, ya ɗan ja baya. Na biyu Dinis ne, yaro ɗan shekara ashirin da uku daga wani gari na babbar ƙasa da ko ƙamshin teku ba ya kai wa, takardar tuƙinsa wata huɗu da fitowa. Ya shiga da gudu, ya ratsa tsakanin uwa da ɗa, ya tsaya don baƙinsa su ɗauki hoto. Jaririn ya rikice ya bi gefen jirgin yana goga kai, ƙasa da tsawon mutum biyu daga farfelar inji. Noémia ta yi ta ɗaga hannu tana ihu har muryarta ta dushe. Sau uku Gualter ya kira jan jirgi a layi ya ce ya ja baya. Ba a amsa ba. Amsawa na nufin an yarda ana saurare, kuma Valdemar ya hana.

Sannan muryar Gualter ta dawo a natse da labarin shuɗiyar baleya, mil goma sha biyu kudu. Jajayen biyu suka juya suka bar ƙurar ruwa.

Dabarar ba tasa ba ce, ta Serafim ce. A zamanin farauta, kafin oba-oba, mai hange kan shimfiɗa fararen zannuwa a jikin tudu don nuna wa kwalekwale hanya, kuma idan mutanen garin maƙwabta suka zo kwashe musu dabba sai Serafim ya shimfiɗa zannuwan ta wata fuskar. Har yau ana ba da labarin a bukukuwa ana ƙyaƙyatawa. Ba wanda ya taɓa cutuwa, domin waɗancan mutanen sukan yi mil biyu ko uku, su waiwaya su dubi dutse, su juyo, da yamma su zo shagon giya su zage shi tas ya saya musu kofi ɗaya ɗaya. Lissafin da Gualter ya yi ke nan. Kuma rabinsa ya fito daidai: ɗan tsibirin ya yi mil biyu, ya waiwaya, ya karya kan jirgi zuwa tasha. Dinis bai waiwaya ba. Ko da ya waiwaya, gajimare kawai zai gani.

Noémia ta ji lokacin da muryar mahaifinta ta canza.

"Dinis, ɗana, Gualter ne. Ƙarya na yi, babu komai a can. Dubi dutse ka juyo gida."

Sau tara ya faɗa. Ta ƙirga. Daga baya Dinis ya ce duk ya ji, amma ya ɗauka wannan ce ƙaryar, tsoho na son ya ɓoye wa jiragen ƙungiya shuɗiyarsu.

Ƙarfe huɗu da rabi iska ta iso. Telmo ya sauke baƙinsa, ya cika tanki, ya koma neman Dinis, Noémia ta ƙi sauka. Abin da take tunawa shi ne ruwa baƙi ƙirin, da yadda jirgi ke tashi sama ya faɗo har haƙoranta na haɗuwa, da muryar mahaifinta yana cewa hagu kaɗan, ci gaba, ina ganin sa. Ƙarfe biyar da rabi Dinis ya yi magana a layin da aka hana shi taɓawa. Kuka yake yi. Ya juyo da gudu don tsoro, jirgin ya doki igiyar ruwa, wata malamar makaranta Bajamushiya da ke zaune a gaba ta faɗo a kan kujerarta, ba ta jin ƙafafunta. Gualter ya kira masu ceto, sannan ya zauna da yaron a layi awa biyu da rabi, igiya bayan igiya, yana gaya masa lokacin da zai rage inji da lokacin da zai ƙara. Da yake lokacin doguwar rana ne, rana ba ta faɗi ba suka shigo tasha, Telmo a gaba yana fasa musu ruwa. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauki matar.

Washegari ƙarfe tara Valdemar yana ofishin tasha da takardar ƙara da kuma faifan murya. Mutumin da ya rantse ba ya sauraren layin ashe ba saurare kawai yake yi ba, naɗa yake yi. Ofishin da ya shekara bai gama duba rahoto bakwai ba, wannan karon kafin yamma ya gama. Aka aiko wa Gualter cewa kada ya sake taɓa oba-oba, kada ya shiga ɗakin hange, sai an kammala bincike. Shugaban ƙungiya da kansa ya zo karɓar makulli, ya tsaya a ƙofar gida yana murza hula, ya kasa shiga.

Kwana uku Noémia ta yi tana haɗa takardu. Hoton jariri a gefen farfela, kiran nan uku da ba a amsa ba, kiran nan tara, rahotanninta bakwai. Ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta fara magana. Ta ce ai yana iya cewa ya ga wani abu kamar feshi, ido na iya ruɗin kowa, wa zai ƙaryata shi? Yana zaune a teburin kicin yana yanka cuku, bai ɗago ba.

"Ƙarya ɗaya na yi a rayuwata, 'yar nan, kin ga abin da ta haifa. Ki bar ni da guda ɗayar."

Ta ce masa to ya sani cewa shi ya miƙa wa Valdemar wuƙar da hannunsa. Shekara guda tana gina magana dutse bisa dutse, shi kuma da numfashi ɗaya ya rushe ta. Yanzu ba wanda zai tambayi abin da jan jirgi ke yi a kan jariri, kowa tsohon da ya yi ƙarya zai tambaya. Ta ce ita ma tana cikin ruwan nan, ta ɗauka ba za ta dawo ba, kuma har yanzu in ta rufe ido baƙin ruwan take gani. Idalina, wadda ke bakin murhu, ta ce su biyun su fita mata daga kicin, uba da 'ya kai ɗaya ne, na jaki. Babu wanda ya yi dariya.

Ranar sauraron ƙara Gualter ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi. Valdemar ya fara magana, ya daɗe yana yi. Ya yi magana a kan lafiyar baƙi, da mutuncin tsibiri a idon duniya, da haɗarin barin rayukan mutane a hannun tsofaffin da ba su da takardar komai. Telmo ya ce daga bayan ɗaki, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai ashe masu sa'a ma suna da faifai. Jami'in da ke sauraron ƙarar ya ce a yi shiru. Sannan ya tambayi Gualter ko ya ga shuɗiyar baleya a ranar.

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"Ka san iska na zuwa?"

"Kowa ya sani."

"To me ya sa ka tura jirgi can?"

"Na ɗauka kowa na kallon dutse," ya ce.

Jami'in, wanda shi ma daga babbar ƙasa aka turo shi, ya tambayi wane dutse. Aka yi masa bayani, ya rubuta. Da Noémia ta miƙa takardunta ya karɓa da ladabi, ya ce wannan wani lamari ne daban, ana duba shi. Dinis bai halarta ba. Valdemar ya sallame shi ta saƙon waya kwana biyu bayan haɗarin, ya bar tsibirin a jirgin safe. Ya dai bar rubutaccen bayani, inda ya ce ya ji kira tara kuma an umarce shi kada ya taɓa amsa layin. Ko za a ba wannan takardar nauyi, ba wanda ya sani.

Sati uku ke nan. Jajayen jirage suna fita kullum da sabon matuƙi. Ƙungiya ta roƙi mai hangen garin maƙwabta ya riƙa taimaka mata, amma tagarsa ba ta ganin rabin ruwanmu, kuma ba ya ƙirga wa kowa rabin awa. Shekaranjiya Noémia ta ƙirga jirgi shida a kan dabba ɗaya. Ta rubuta rahoto na takwas. Mai Giɓi da jaririnta ba a sake ganin su ba, wataƙila sun matsa can nesa, wataƙila ba haka ba. Daga asibiti an ce malamar ta motsa yatsun ƙafarta. Gualter ya sa Noémia ta rubuta mata wasiƙa da harshen da za ta gane, layi huɗu, ba neman uzuri a ciki.

Har yanzu ƙarfe bakwai yake fita da butar kofinsa. Ba ya zuwa ɗakin. Katangar baƙin dutse ta gonar inabinsa yake hawa ya zauna, ba tabaro, ido a runtse. Jiya Noémia ta bi shi can, ba don ta huce ba. Can ya ɗaga haɓa wajen kudu maso gabas ya ce mai ƙaton kai ce, guda biyu, kamar mil biyar. Ta duba ba ta ga komai ba sai ruwa. Ta ciro waya za ta kira Telmo, ya dafa hannunta ya ce a'a, an ce kada ya yi, ba zai yi ta bayan gida ba.

Ofishin ya ce hukuncin zai zo a rubuce kafin ƙarshen wata: ko a mayar masa da makulli, ko a hana shi aikin har abada a tura maganar kotu. Yau ashirin da takwas ga wata. Wasiƙar ba ta iso ba.